Daga Ƙwayar Halitta Zuwa Sarƙar Abinci: Tambayoyi da Amsoshi

A littattafan ilimin halittu da yawa, babin ƙwayar halitta yana farko, babin muhalli kuma can ƙarshe, har ɗalibi ya ɗauka babu abin da ya haɗa su. Mun haɗa su a nan da gangan, domin lissafinsu ɗaya ne. Abin da ke faruwa a cikin ƙwaya guda shi ne dalilin da ya sa zakuna ba sa kai barewa yawa a daji.

1. Mece ce ƙwayar halitta, kuma wa ya fara ganinta?

Ita ce mafi ƙanƙantar abin da za a iya cewa yana da rai na kansa: tana ci, tana fitar da dagwalo, tana girma, tana rabuwa gida biyu. Bakteriya da yis ƙwaya ɗaya ce tal. Jikin babban mutum kuwa yana ɗauke da sama da tiriliyan 30. Wasu marubuta kan ce tantanin halitta, amma a nan mun bar kalmar tantani ga siririyar fatar da ta kewaye ƙwayar, don kada a rikice.

A 1665 Robert Hooke, mutumin Ingila, ya yanko ɓawon bishiyar da ake yin toshiyar kwalba da shi, ya duba a madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Bangayen matattun ƙwayoyi ne kawai ya gani. Antonie van Leeuwenhoek na Holan shi ya ga masu rai suna yawo a ɗigon ruwa a shekarun 1670. Sai a 1838 da 1839 Matthias Schleiden da Theodor Schwann suka ce tsirrai da dabbobi duk da ƙwayoyi aka gina su, a 1855 kuma Rudolf Virchow ya ƙara da cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa.

2. Me ya sa ƙwayoyi ƙanana ne haka?

Ana auna su da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Yawancin bakteriya tsakanin 1 da 5 suke, jar ƙwayar jini 7 zuwa 8, ƙwayoyin dabbobi 10 zuwa 30, na tsirrai sukan kai 100.

Duk abin da zai shiga ko ya fita, ta tantani zai bi. Ka ɗauki akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk 1 ne: faɗin fatarsa 6, cikinsa 1. Mai da kowane gefe 10: fata ta zama 600, ciki ya zama 1,000. Ciki ya ninka sau dubu, ƙofar shigar abinci sau ɗari kacal. Ƙwayar da ta cika girma tsakiyarta zai zauna da yunwa. Masu tsawo sukan tsira ne ta hanyar zama sirara, kamar ƙwayar jijiyar da ke tasowa daga laka zuwa yatsan ƙafa, wadda takan kai mita guda.

3. Ina bambancin ƙwayar bakteriya da tamu? Bairas fa?

Ƙwayoyinmu, da na tsirrai da naman gwari, suna da cibiya mai nata tantani wadda aka adana DNA, sinadarin da ke ɗauke da umarnin gado, a ciki. Irin waɗannan su ake kira yukariyot. Bakteriya furokariyot ce: DNA ɗinta zobe ne guda a sake cikin ruwan ƙwaya, ba ta da maitokondiriya (sashen samar da makamashi), ribosom ɗinta (masu ƙera furotin) ƙanana ne. Wannan bambanci shi likitanci ke amfani da shi. Fenisilin yana hana bakteriya gina bangonta, mu kuwa ba mu da irin wannan bango, shi ya sa yake kashe ta ya bar mu.

Bairas ba ƙwayar halitta ba ce. Ba ta da ribosom, ba ta sarrafa makamashi, sai ta shiga wata ƙwaya take iya hayayyafa. Don haka maganin bakteriya ba ya taɓa mura.

4. Yaya za a riƙe sassan ƙwaya ba tare da hadda kawai ba?

Bi sawun furotin guda daga farko har ƙarshe. Ɗauki amiles, sinadarin da ke cikin yawu wanda ke fara narkar da sitaci tun a baki. Umarnin ƙera shi yana rubuce a DNA, cikin cibiya. A mutum wannan DNA ya kai kusan mita 2 idan aka miƙe shi, an nannaɗe shi cikin kuromosom 46, kuma ba ya fita waje. Sai a kwafi sashen da ake buƙata a kan RNA, kwafin ya fice ta ƙofofin cibiya.

A waje ribosom ne ke karanta kwafin, yana jera sinadaran amino, waɗanda iri 20 ne, ɗaya bayan ɗaya. Da yake amiles na fitarwa ne, ribosom ɗin yana manne da wata ragar tantani mai suna retikulum, inda ake naɗe furotin ɗin ya ɗauki siffarsa. Daga nan 'yar jaka ta kai shi sashen Golji, mai sunan Camillo Golgi da ya bayyana shi a 1898, a gyara, a tantance, a sake ƙunshewa. Jakar ƙarshe ta haɗe da tantanin waje ta zubar da kayanta.

Kowane mataki a cikin waɗannan yana cin makamashi, maitokondiriya ce ke biya (duba tambaya ta 9). Laisosom kuma jaka ce mai tsami da ke narkar da sassan da suka tsufa.

5. Me ƙwayar tsiro take da shi wanda ta dabba ba ta da shi?

Abu uku: bango na selulos a bayan tantani, kuloroflas mai haɗa abinci, da babbar jakar ruwa a tsakiya wadda takan cinye mafi yawan fili ta tura cibiya gefe. Kuskuren da ya fi yawa a jarrabawa shi ne cewa tsiro yana da kuloroflas a madadin maitokondiriya. Yana da duka biyun (tambaya ta 11). Kuma ba kowace ƙwayar tsiro ke da kuloroflas ba. Na saiwa ba su da shi.

6. Ta yaya tantani yake zaɓen abin da zai wuce?

Tantani shimfiɗa biyu ne na wani irin maiƙo, kaurinsa bai kai nanomita 10 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita), da furotin iri-iri a tsattsaye cikinsa. Oksijin da kabon dayoksaid suna ratsa maiƙon kai tsaye, daga inda suke da yawa zuwa inda suka yi ƙaranci. Gulukos da sinadaran gishiri sai ta ƙofofin furotin.

Ruwa yana bin inda gishiri ko sukari ya fi kauri, wannan shi ne osmosis. Jefa jar ƙwayar jini a tsurar ruwa, za ta kumbura ta fashe. Shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa marar lafiya giram 9 ne a lita guda, daidai da kaurin jini. Ƙwayar tsiro ba ta fashewa saboda bango, sai dai ta cika ta yi tauri, kuma wannan taurin ne ke tsayar da ganye. In aka zuba wa shuka taki fiye da kima, ruwa yakan fita daga saiwa ya koma ƙasa, shukar ta yi yaushi alhali ƙasar da damshi.

Tura abu zuwa inda ya riga ya yi yawa kuwa sai an biya. Famfon sodiyam da fotasiyam yana fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2 a kan ATP guda (kuɗin makamashin ƙwaya, duba tambaya ta 9), dare da rana, ko mutum yana barci.

7. Yaya ake ganin ƙwaya a madubin ƙara girma, kuma me ke ɓata aikin?

Albasa ta fi sauƙi. Ɓalle gutsure guda, ka ɓare siririyar fatar da ke cikin lanƙwasar, ka yanki abin da bai wuce rabin santimita ba. Shimfiɗa ta a kan gilashi cikin ɗigon ruwa, kada ta naɗe, ka ƙara ɗigon aidin. Kafa gefen siririn gilashin rufi a karkace, ka sauke shi sannu da bakin allura. Fara da ƙaramin ido mai ninki 4. Da na sama mai ninki 10, ninki 40 ke nan. Sai hoto ya fito sarai kafin ka koma na 10, sannan na 40. A babban ido ƙaramin maɓallin saiti kaɗai ake taɓawa, in ba haka ba ido ya daki gilashi ya fasa.

Za ka ga ƙwayoyi jere kamar tubali, kowace da ɗigo mai duhu, ita ce cibiya. Da'irori masu baƙin baki mai kauri kumfar iska ce, alamar an saki gilashin rufi a kwance. In duhu kawai ake gani, ko fatar ta yi kauri ko an haɗo da naman albasar. Kada ka nemi kuloroflas, kan albasa a ƙasa yake girma. Ribosom ma ba zai ganu ba, domin madubin haske ba ya rarrabe abin da bai kai maikuromita 0.2 ba.

8. Ta ina makamashi yake shigowa cikin masu rai?

Mafi yawansa ta kuloroflas. A cikinsa akwai 'yan faifan tantani jibge, ɗauke da kulorofil, wanda ke shan jan haske da shuɗi ya mayar da kore. Da wannan hasken ake tsaga ruwa, oksijin ya fita, a tara makamashi na ɗan lokaci. A mataki na biyu, cikin ruwan da ke kewaye da faifan, ana amfani da abin da aka tara a ɗaure kabon dayoksaid ya zama sukari. Jimla: kabon dayoksaid 6 da ruwa 6 suna ba da gulukos 1 da oksijin 6. A lura, oksijin ɗin daga ruwa ya fito.

Mutane da yawa suna zaton ƙasa bishiya ke ci. Jan van Helmont ya gwada a ƙarni na 17: ya dasa reshe mai nauyin kilo 2 da 'yan kai a tukunyar da ya auna ƙasarta, ya yi ta ba shi ruwa shekara 5. Bishiyar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa ko giram 60 ba ta rasa ba. Ya ce ruwa ne, ya yi rabin daidai. Kabon da ke cikin itace daga iska yake.

Duk da haka, abin da tsirrai ke kamawa daga hasken da ya sauka a kansu a fili bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. A kan wannan ɗan kason kusan duk sauran halittu suke rayuwa.

9. Mene ne ATP, kuma yaya ake samunsa daga gulukos?

Gulukos kamar babbar takardar kuɗi ce, ba a sayen ƙananan kaya da ita sai an yi canji. ATP shi ne canjin. Ba a tara shi. Ana kashewa ana sake caji, har abin da mutum ke juyawa a yini ya kan kusanci nauyin jikinsa.

Matakai uku ne. A ruwan ƙwaya ana raba gulukos mai kabon 6 gida biyu, ribar ATP 2, ba a buƙatar oksijin. Gutsattsarin su shiga maitokondiriya, su bi zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937, inda ake fitar da kabon dayoksaid da muke numfasawa, a sami ƙarin ATP 2, a kwashe elektaron. Babbar riba tana mataki na uku, a kan tantanin ciki mai lanƙwashe-lanƙwashe. Elektaron suna wucewa daga furotin zuwa furotin, ana amfani da ƙarfinsu a tura haidirojin zuwa ɗaya gefen, ya taru kamar ruwa a bayan madatsa. Babbar hanyar dawowarsa ita ce ta cikin wani furotin da ke juyawa kamar injin, kuma juyawar ce ke ƙera ATP. Peter Mitchell ya kawo wannan bayani a 1961, aka daɗe ana musu kafin ya sami kyautar Nobel a 1978. Aikin oksijin shi ne karɓar elektaron a ƙarshen layi ya zama ruwa. Gubar sayanaid furotin na ƙarshen nan take toshewa, layin duka ya tsaya cak ko da jini cike yake da oksijin.

Ga adadin da ya kamata a riƙe: kusan kashi ɗaya bisa uku na makamashin gulukos ne ke shiga ATP. Saura zafi ne nan take, kuma wanda ya shiga ATP ɗin ma, da an yi aiki da shi zafi yake komawa. Za mu sake haɗuwa da wannan a tambaya ta 13.

10. Wani littafi ya ce ATP 38, wani 36, wani 30. Wanne ne daidai?

38 da 36 tsohon lissafi ne da ya ɗauka babu asara ko kaɗan. Awon da aka yi daga baya ya nuna 30 zuwa 32, domin tantanin yana ɗan yoyo, kuma shigo da kaya cikin maitokondiriya yana cin nasa. A jarrabawa bi abin da manhajarka ta ce. In babu oksijin kuwa 2 ne kawai: tsokar da ke gudun ƙarshe tana fitar da sinadarin laktik, yis kuma yana fitar da barasa da kabon dayoksaid, iskar da ke tayar da kwaɓin burodi.

11. Gaskiya ne tsiro yana haɗa abinci da rana, ya yi numfashi da dare?

Numfashi dare da rana yake yi. Da rana dai haɗa abinci ya fi ƙarfi, sai ya rufe shi. Wannan yana da muhimmanci a lissafin muhalli: a cikin duk sukarin da tsirrai suka haɗa, kusan rabi suna ƙona shi da kansu. Abin da ya rage ya zama ganye da itace da iri, shi kaɗai ne rabon masu ci. A dazuzzukan ruwan sama na yankuna masu zafi wannan ragowa takan kai giram 2,000 na busasshen kaya a murabba'in mita a shekara. A tsakiyar teku kusan 125 ne, a hamada bai kai 100 ba.

12. Mece ce sarƙar abinci, kuma ina kibiya take fuskanta?

Jerin wa ke cin wa ne, misali ciyawa, fara, kwaɗo, maciji, shaho. Ciyawa mataki na farko, mai haɗa abinci. Fara na biyu. Haka har shaho a na biyar. Kibiya tana tasowa daga wanda aka ci zuwa wanda ya ci, domin hanyar makamashi take nunawa. Ɗalibai da yawa sukan juya ta. A zahiri sarƙoƙi a sarƙe suke kamar raga: shaho yakan ci fara kai tsaye, mutum kuma yana mataki na biyu in ya ci hatsi, na uku in ya ci nama.

13. An ce kashi 10 cikin ɗari ne ke wucewa zuwa mataki na gaba. Ina sauran 90?

A ce ciyawar wani fili ta tara kilojul 10,000. Fari za su mayar da kusan 1,000 jikinsu, kwaɗi 100, macizai 10, shaho 1. Asarar hanya uku take bi. Ta farko, ba a cinye komai: saiwa, itace, ƙashi, da duk wanda ya mutu ba a kama shi ba. Ta biyu, ba duk abin da aka haɗiye ke narkewa ba. Selulos yana da wuyar sha'ani, kashin masu cin ciyawa cike yake da shi. Ta uku ita ce ta tambaya ta 9: abin da ya shiga jini, yawancinsa maitokondiriya ke ƙonawa don motsi, bugun zuciya, famfunan tantani da gyaran jiki, ya fice a matsayin zafi. Mai farauta ba ya cin gudun da barewa ta yi jiya, naman da ya rage a jikinta kawai yake samu.

Tushen wannan lissafi aikin Raymond Lindeman ne na 1942 a kan tafkin Cedar Bog a jihar Minesota ta Amurka. Goma matsakaici ne, ba doka ba. Awo yakan faɗo tsakanin 5 da 20. Tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa sun fi kowa ɓarna, domin dole su riƙe zafin jiki: kashi 1 zuwa 3 kacal na abincin da ya narke musu ke zama nama. Ƙwari da kifi sun fi su tattali nesa ba kusa ba.

14. Me ya sa sarƙa ba ta cika wuce mataki huɗu ko biyar ba?

Duba lissafin da ke sama: a mataki na biyar kashi 1 cikin 10,000 ya rage. Babu abin da zai ishi wata dabba ta rayu a kan cin shaho kaɗai. Dalilin ke nan manyan mafarauta ba su da yawa, suna buƙatar fili mai faɗi, kuma su ke fara ɓacewa in daji ya tsuke. Haka nan gona guda za ta ciyar da mutane da yawa da hatsinta fiye da in aka ba dabbobi hatsin aka ci namansu.

15. Dalar muhalli tana iya kifewa?

Ya danganta da abin da aka auna. Dalar ƙidaya takan kife: bishiya guda, tsutsotsi dubbai. Dalar nauyi ma takan kife a teku, inda ƙananan gansakuka masu yawo a ruwa suke rabuwa cikin kwana ɗaya ko biyu ana cinye su nan da nan. In ka auna a rana guda sai ka tarar masu cinsu sun fi su nauyi, alhali abin da suka samar a shekara ya ninka na masu cin. Waɗannan 'yan halittu su ke yin kusan rabin haɗa abincin duniya. Dalar makamashi kuwa, da yake ana auna ta a kan tsawon lokaci, ba ta taɓa kifewa.

16. Masu ruɓarwa ba sa mayar da makamashi ga tsirrai?

A'a. Bakteriya, funfuna da naman gwari, tare da tana da gara masu gutsura musu, suna mayar da sinadarai: naitirojin da fosfaras su koma ƙasa, kabon ya koma iska, tsiro ya sake ɗauka. Makamashin da ke cikin gawa ko busasshen ganye su ma ƙona shi suke yi, ya tafi a zafi. Sa hannu cikin tsibin shara mai ruɓa ka ji. Cikinsa yakan haura digiri 60. Kuloroflas ba ya iya haɗa sukari da zafi, sai da haske. Sinadarai zagayawa suke yi, makamashi wucewa yake, dole kullum rana ta kawo sabo. A daji, mafi yawan abin da bishiyoyi suka samar ta hannun masu ruɓarwa yake bi, ba ta bakin dabbobi ba.

17. Akwai inda ake rayuwa ba da rana ba?

Akwai. A 1977 masu bincike a cikin ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin sun tarar da maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan tekun Fasifik kusa da tsibiran Galafagos, zurfin kusan mita 2,500, kewaye da halittu. A can bakteriya ke matsayin ciyawa, suna samun makamashi daga sinadarin haidirojin salfaid. Manyan tsutsotsin wurin ba su da baki ko hanji, bakteriyar a cikin jikinsu take zaune. Sai dai oksijin da suke aiki da shi daga saman ruwa ya gangaro, inda haske ya samar da shi.

18. In makamashi yana raguwa a kowane mataki, me ya sa guba take ƙaruwa?

Saboda asarar nan ta kashi 90 ba ta shafe ta. Kafin kifi ya ƙara kilo guda sai ya ci kusan kilo goma. Abincin ya ƙone ya tafi, amma gubar da jiki ba ya iya narkarwa ko fitarwa tana nan, ta kilo goma ta taru a kilo ɗaya. Mataki na gaba ya sake ninkawa. Maganin ƙwari na DDT, mai maƙalewa a kitse, haka ya taru a jikin mikiya da shaho har ɓawon ƙwansu ya yi sirantar da yake fashewa in uwa ta kwanta a kai. Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972. A Minamata ta Japan, inda aka gano wata cuta a 1956, zaiba ce daga ruwan wata masana'anta ta bi ta kifi. Kyanwowin garin masu cin ragowar kifin su aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa ruwa, sannan alamun suka bayyana a iyalan masunta.